Turakun Jan Ƙyalle da Ɗan Barewa

Kai da kake cewa mu naɗe tabarma don aiki ya ba mu kunya sau ɗaya, zauna ka ji. Wata damina an tura wasu ɗaliban jami'a wani daji da bareyinsa suka kusa ƙarewa, saura goma sha ɗaya. A shekarar aka haifi 'ya'ya biyar. Ita barewa in ta haihu, cikin ciyawa take ɓoye ɗanta ta yi nisa, sai lokacin shayarwa ta dawo. Ɗaliban nan, don tsabar ƙauna, duk inda suka ga ɗa kwance sai su kafa turke su ɗaura jan ƙyalle, safe da yamma su je dubawa har sawunsu ya zama hanya. To dila fa ba a banza ake ce masa malamin daji ba. Ya karance su tsaf, ya riƙa bin hanyar yana zuwa turke. Kafin sati uku ya cinye huɗu. Wani tsohon maharbi ya yi musu dariya har da riƙe ciki, ya ce tun da yake bai taɓa ganin masu gadin da ke yi wa ɓarawo jagora ba. Mutanen ƙauye suka ce su koma birni, barewa ta riga ta ƙare.

Wata ɗaliba a cikinsu ta yi kukanta ta share hawaye, ta ce: "Wallahi ba inda za ni. Mu muka koya masa hanya, mu za mu ɓatar da shi." Suka tumɓuke turken ɗan da ya rage, suka haramta wa kansu zuwa wurin, sai dai hange daga kan dutse. Suka kafa turaku ashirin can wancan gefen daji inda babu komai, kullum su bi su safe da yamma cikin laka da cizon sauro, suna duba ciyawar banza. Yara na kiransu mahaukata, dila na biye da su yana shan wahala. Kwana arba'in suna wannan haukan. Ranar da dila ya gano ainihin maɓoyar, ɗan ya riga ya yi ƙafa, ya zabura bayan uwarsa ya bar malam da haki. Har yau in na tuna daɗi nake ji. Don haka tashi ka ɗauki takalminka. Zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi.