Fentin Ɗakin Fa'iza

Falalu kafinta ya gama shimfiɗa jan katako a ƙasan ɗakin da zai ajiye amaryarsa Fa'iza a Tanout, saura fenti. Ya shafa launi uku a bango, ya aika a kira Fa'iza ta zaɓa. Ta zo bayan la'asar.

"Shuɗin nan bai shiga da jan katakon ba," in ji shi. "Farin kuma yana kashe ido. Ruwan madarar ya fi kwanta mini, amma ɗakinki ne."

Fa'iza ta daɗe tana kallon bangon, ta kasa kallonsa.

"Ruwan madarar ya yi," ta ce a hankali. Sai ta zaro takarda daga cikin mayafinta. "Sakamakon gwajin jininmu ya zo daga Damagaram. Ni da kai duk muna ɗauke da amosanin jini."

Ya karɓa da hannu duk fenti. Faransancinsa kaɗan ne, amma ya ga haruffa iri ɗaya a ƙarƙashin sunayensu.

"Ai an ce ba kowane ɗa ne ke gadon ciwon ba."

"Yaya Falalu, ƙannena biyu na yi jinya. A cinyata suka cika. Ba zan iya kallon nawa haka ba."

Ta kai bakin ƙofa, ta tsaya.

"Da Baba ne ya hana auren nan, wallahi da na san wanda zan je in roƙa."