Ruwan Batir na Sambo

Ranar Talata ce, da hantsi. Asma'u tana tankaɗe a tsakar gida a Lafagu, sai ta ɗaga kai ta ga jikanyarta Fatiha, 'yar shekara ukku, da gora a baki. Gorar shagon mijinta ce, Sambo mai gyaran batir. Ruwan batir ne ciki, wanda yake cewa daga Benin ake kawo mashi, mai cin tufa, mai cin fata.

Ta fizge gorar. Rabin ruwan ya tafi.

Ta buɗe bakin yarinyar tana duba harshe. Maƙwabta sunka cika gida, wannan na cewa a ba ta manja, wancan na cewa a nemo mashin zuwa asibitin Bagudo. Fatiha ta ga taro ta fashe da kuka, Asma'u ta ce shi ke nan, ya fara cin hanjin.

Aka kira Sambo. Ya shigo, ya dubi gorar, ya dubi mutane, ya tsaya jikin bango.

"Malam, nemo mashin mana!" in ji Asma'u.

Bai motsa ba. Zufa kawai yake yi.

Sai ga Mashkura, autarsu da ke sakandare, ta fito ɗaki da littafinta. Makon jiya ta ɗebi ruwan nan a ɓoye ta kai makaranta, sunka auna shi da malaminsu.

"Inna, dubi nan. Wannan yawan haidurojin ɗin da ke ciki ne, shi ke nuna ƙarfin asid. Ana ƙirga gidajen da ke bayan ɗigo. In gida ɗaya ne, asid ne mai kisa. Ƙirga da kanki."

Asma'u ba ta yi nisa a boko ba, amma ta san sifili. Ta aza yatsa. Sifili shidda, sannan ɗaya.

"Bakwai. Wayyo, bakwai! Ya fi ɗaya muni ke nan?"

Mashkura ta san bakwai na nufin ruwa zalla, ta dubi babanta. Masu mashin biyu da ke kawo mashi batir suna tsaye bakin ƙofa.

Sambo ya ɗauki gorar, ya shanye sauran gaban kowa, ya goge baki.

"Ki daina kuka, Asma'u. Ruwan rijiyarmu ne. Shekara tara shi nike zuba masu."