Likkafanin Gwaggo

Sau uku ana zazzage adakar Gwaggo, sau ukun kuma abu ɗaya ake tararwa: zannuwa, turare, tasbaha, tsohon fasfo. Likkafanin ne dai babu.

Naja'atu na tsaye a bakin ƙofa tana kallon matan gida suna ta birkita kaya. Da hantsi aka kira ta daga asibitin Agiye, ta bar marasa lafiya a layi ta faɗa taksin Cadawa, ko kayan aiki ba ta tuɓe ba. Ita ta taɓa wuyan tsohuwar, ita ta ce ta cika. Wata huɗu ke nan da zamanta likita. Matar da ta goye ta tun rasuwar uwarta ce kwance, amma hawaye ko ɗigo. Ji take kamar an ɗura wa ƙirjinta allurar kashe zafi.

Ba wanda bai san likkafanin nan ba a gidan. Shekara goma sha biyu da suka wuce Gwaggo ta je Makka, ta sayi farin yadi, ta tsoma shi cikin zamzam, ta shanya, ta ninke ta taho da abinta. Tun daga nan babba da yaro ba wanda bai sha wasiyya ba, har an haddace. Ko a ina aka ga dama a rufe ta, in dai da shi aka naɗe ta.

To ga shi an yi mata wanka, maza sun dawo daga haƙa, liman ya ce da an idar da azahar za a sallace ta. Abin da ya rage bai kai awa guda ba.

Aka ɗaga katifa. Aka leƙa tukwane, aka saukar da kwallaye, har rumbun hatsi sai da aka sa hannu. Da nema ya ƙi, sai idanu suka fara komawa kan Shatu, matar Kawu Magaji, don ita ke share ɗakin tun da ƙafa ta kama tsohuwar. Kallon ma ya isa. Shatu ta dafe ƙirji ta ce, "Ni? Mi zan yi da likkafani? Wallahi ko makullin ban taɓa riƙewa ba!" Ta durƙushe tana kuka, ba wadda ta ɗaga ta.

Naja'atu dai tana tsaye. Abin haushi, maimakon ta tuna goyo da fura da kuɗin lakol, wato makaranta, walimar gama karatunta kawai ke yi mata yawo a ka.

Ranar kowa ya yi bajinta daidai ƙarfinsa. Yayanta Maman ya sayo mata abin sauraron ƙirji daga Maraɗi. Ƙawayenta suka haɗa mata agogo da jakar hannu. Kawu Magaji ya miƙo ƙullin leda, fararen rigunan aiki guda uku, ɗinkin gida, farin ma bai fita tas ba. Ta yi ta zuba godiya, shi kuma ya washe baki kawai. Har tsohuwar makwabciyarsu sai da ta kawo ƙwan zabi. Gwaggo fa? Gwaggo ta zauna a kan tabarma ta ce Allah ya yi albarka. Shi ke nan. Ko allura.

Ba abin hannunta Naja'atu ke kwaɗayi ba. Amma shekara takwas tana karatu, a ce ko ɗankwali? Abin ya tsaya mata a rai, ta kuwa riƙe shi tam. Tsakanin Agiye da Cadawa tafiyar me ce ce, amma a wata huɗun nan sau biyu ta zo, shi ma a tsaitsaye. In Gwaggo ta kira, sai ta ce tana kan aiki. Ran nan ma tsohuwar ta ce, "Auta, ba ki zo in gan ki cikin kayan likita ba." Ta ce sai ta samu sarari. Yau ta samu.

Aka kira salla. Kawu Magaji ya yi gyaran murya daga waje, ya ce lokaci ya ƙure, a yanke shawara. Matan suka dubi Naja'atu, don ita ce 'yar ɗakin mamaciya. Ta san abin da ake so ta faɗa: a sayo farin yadin alawayyo a kasuwa, a karya wasiyyar da Gwaggo ta shekara goma sha biyu tana nanatawa. Ta ja ƙafa ta nufi zaure.

Sulaimanu tela na zaune a can gefe da almakashinsa, tun ɗazu yake jiran a miƙo yadi ya yanka. Tsoho ne, shi ke ɗinka wa rabin garin nan kayan suna da na kabari.

"Baba Sule, a aika a sayo sabo," ta ce. Muryar kamar ba tata ba. "Na Makkan ya ɓata."

Bai motsa ba. Ya dube ta, ya sunkuyar da kai, ya jima yana murza almakashin.

"Ashe shi kuke nema tun ɗazu. Ku ba Shatu haƙuri, bai ɓata ba. Wata biyar ke nan ta kawo mani shi da kanta, tana dogara sanda, ta ce in yanka. Na ce Hajiya, wannan fa? Ta ce ita ko da yadin kasuwa ƙasa za ta karɓe ta. Mai shiga cikin cuta kullum safiya ita ke bukatar zamzam. Ta rantsar da ni kar in faɗa, wai in an sani ba za a sa ba. Magaji ma ɗan aike ne kawai."

Ya ɗago ido, ya nuna hannun rigarta da bakin almakashi.

"Riga uku ya fitar, likita. Ga ɗaya nan a jikinki."