Kwalbar Ruwan Barira

"Wallahi ba zan saka ba," in ji Barira.

Malam Tanimu, jami'in rarraba labarai, ya ce, "Haba 'yata! Wa ke karatu yanzu? Na'ura ke gaya wa mutane komai, ita kuwa ɓoyayyiyar alamar shafi kawai take dubawa. Bar rubutunki yadda yake, saka masa alamar 'lafiya lau'."

Rubutun da ta yi a shafinta na intanet a kan tsutsotsin famfon unguwarsu ne. Ta dire masa kwalbar ruwan famfon, tsutsotsin suna ta mutsu-mutsu a ciki.

"Bismilla, Baba, sha."

Bai sha ba. Ya cire shafinta daga jerin na'urar.

Ranar da mahaifiyarta ta rasu, Barira ta rubuta sanarwa. Na'ura ba ta kai wa kowa ba. Mutum huɗu suka sallaci gawar.