Kullum Rukuni Na Ɗaya

Mako uku ke nan kwamfutar wani kamfanin jimar fata a Challawa tana tura ma'aikatan rukuni na ɗaya ramin jiƙa fata, inda ruwan ke cin hannu, warin kuma ya bi mutum har gida. Rukuni shida ne, kowanne da ranarsa. Amma duk Litinin sai ta buga sunayen mutum goman farko, ta yi shiru. Fomen mai kula da ma'aikata kuwa abin da takarda ta ce shi yake bi.

Da mutum goman suka yi barazanar ajiye aiki, manaja ya kira Lawal, akawun da ya rubuta wa kwamfutar tsarin rabon aikin. "Ka gyara kafin Juma'a, ko ka sa takalmin roba ka bi su ramin."

Lawal ya daina cin abinci. Mama Dorkas mai tafireta, wadda ke kwafe rubutunsa cikin injin, ta fi shi shiga damuwa. Kullum sai ta kawo masa kunu, ta tsaya a kansa.

"Ɗana, kada ka ƙara lalata musu kaya. Ko a jira injiniya daga Legas? Ko wata biyu ne ai sai a jira."

Ranar Alhamis ya gano. Tsarin zagaye biyu ne, babba mai bin rukunoni, ƙarami a cikinsa mai bin sunaye, kuma ya kamata kowanne ya kasance da harafin ƙirgarsa. A injin kuwa harafi ɗaya suke amfani da shi. Ƙaramin na kai goma, sai babban ya leƙa ya ga an wuce shida, ya ɗauka an gama.

Ya duba takardarsa ta asali. Harafi biyu ne a can.

"Rubutun naka kamar tonon kaza," in ji Mama Dorkas.

Ya gyara. Injin ya yi ta ƙara har shafi shida suka fito. Lawal ya hau karanta sunayen rukuni na biyu da ƙarfi don murna. Bai kai suna na huɗu ba Mama Dorkas ta ɗauki jakarta.

"Ina zuwa, Mama?"

"Kasuwa, in sayo wa ɗana Filibus safar hannu, yana rukuni na biyu. Mako uku na ɓoye shi daga ramin, ai na yi ƙoƙari."