Wayar da Kaji Suka Tono

Ƙarfe tara da minti goma ƙwan lantarkin ɗakin ya sake dusashewa, kwamfutar ta daina caji. Daidai lokacin kuma, daga bayan shinge, injin waldar maƙwabcinsu ya fara gurnani kamar yadda ya saba. Akawu ta ajiye biro ta ja tsaki mai tsawo.

Mijinta ne ya laƙaba mata Akawu, don daga gida take haɗa lissafin albashin wani kamfani. Shekara biyu ke nan da suka tsere wa kuɗin haya suka tare a wannan fili, inda ko sandar lantarki ɗaya babu. Faifan sola shida a kan rufi, batura huɗu a ɗan ɗakin bayan gida, rijiya mai famfo, kaji talatin da awaki uku marasa kunya. Mijin birkila ne, ya fita da asuba ya dawo da almuru, wata rana da kuɗi, wata rana da labari. Albashinta ne ke riƙe da gidan, shi kuma albashin wuta ce ke riƙe da shi.

Wata huɗu ke nan wutar tana yi mata tsiya. Sau biyu ta makara da aiki. Jiya manaja ya kira ya gaya mata a taƙaice: in sha biyun rana ta buga yau lissafin bai iso ba, kada ta wahalar da kanta gobe.

Ita dai ta san mai laifin. Tsoho ne mai walda, kullum fuska a murtuke kamar an aiko masa da saƙon mutuwa. In ta gaishe shi, da kai yake amsawa. In ya kunna injinsa, ƙwanta ya yi ja. In ya kashe, ya dawo fari. Ga ƙwan kajinta kuma, kullum sai ta nemi shida ta rasa, ta leƙa ta ga ɓawo a jujinsa alhali ko zakara bai ajiye ba. Ta tsane shi, tsana ta gaske, har tarinsa ba ta son ji.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne mijinta. Har ƙasa yake durƙusawa ya gaida tsohon. Duk sanda ta kawo ƙara, amsarsa ɗaya ce: "Ki bar dattijon nan, Akawu. Batura ne suka gaji, zan duba." Bai taɓa dubawa tana gani ba. Tun da famfon rijiya ya ƙone wata huɗu da suka wuce ya sayo sabo, wai wani aboki ya taimaka, ya garƙame ɗakin baturan da kwaɗo saboda awaki, makullin kuma yana aljihunsa.

Ta fita ta watsa wa kaji tsaba ko zuciyarta ta yi sanyi. An sha ruwan sama jiya, ƙasa ta yi laushi, kajin sun tone gindin bangon ɗakin batura. A nan ta ga wani abu baƙi. Ta sa ƙafa ta share ƙasar. Waya ce, kauri kamar yatsa, an binne ta bai fi taƙi ɗaya ba. Ta ja, ƙasa ta dinga tsagewa a gabanta, ta cikin lambun tumatir, ta gefen turken awaki, har ƙarƙashin shinge, ta nufi rumfar mai walda.

Ta tsaya a bakin shingen. Wata huɗu tana ba manaja haƙuri kamar mai roƙon gishiri, ashe ga inda wutarta ke zurarewa. Ta ɗauko gatarin faskare.

"Baba, fito ka ga abin kunyarka."

Tsohon ya ɗaga baƙin gilashin da ke fuskarsa, ya dubi wayar, ya dubi gatarin.

"Da girmanka da furfurarka, a rasa wanda za ka cuta sai mu da muke fafutukar na abinci? Ƙwai bai ishe ka ba?"

"Mijinki ya san kin tono wannan?"

"Ni ma gidana ne."

"'Yar nan, ki jira ya dawo."

"Jira ba zai biya ni albashi ba."

Ta ɗora wayar a kan kututture ta sara. Tartsatsi ya tashi, awaki suka watse. Tsohon ya daɗe yana kallonta, ba fushi, ba kunya, wannan kuwa ya ƙara tunzura ta. Ya ce, "To, madalla," ya sauke gilashinsa ya koma kan ƙarfensa. Injin ya ci gaba da aiki, ƙararsa ma ta ƙara kauri.

Ta koma ɗaki tana huci, amma zuciyarta fari tas. Ta danna makunni. Shiru. Fanka a tsaye, ƙwan lantarki a mace, cajin kwamfuta saura tara cikin ɗari, agogo ya nuna goma saura kwata. Ta ce lallai saran ne ya ƙona wani abu a ɗakin batura. Ba ta da lokacin jiran makulli. Sara biyu kwaɗon ya faɗi.

Ta tura ƙofar ta tsaya. Babu baturi ko ɗaya, babu injin juya wutar, sai shatinsu a cikin ƙura da yanar gizo-gizo ta watanni. Ga guntun baƙar wayar nan ya ɓullo ta ƙarƙashin bango, an murɗe shi da babbar wayar gidan, an naɗe da ƙyallen tsohuwar rigar aikin mijinta.

Wayar ba ta taɓa fitar da wuta daga gidansu ba, wata huɗu ke nan ita ce ke shigo musu da ita daga rumfar mai walda.