Masu Neman Gwamna

A kakar bana na rasa kaji tara da rabin buhun wake. Abin da na samu shi ne gahawata ta sauko daga kan dutse har ƙwaya ta ƙarshe, ban ba kowa peso ɗaya na dako ba. Wanda ya ce an cuce ni, ya zo mu zauna.

Alfadarina ne ya ɓata, Gwamna. Marigayi mijina Nicanor ne ya sa masa sunan, don ba ya motsi sai ya ci, kuma yana cizon duk wanda ba ni ba. Na ɗaure shi bakin rafi na tafi coci, na dawo na tarar da igiya. Ga gahawa ta nuna jajir, gonar kuwa can sama take inda mota ba ta san hanya ba. In babu alfadari sai dai ta zube ta ruɓe, ni kuma in ci me har baɗi?

Garinmu ba ya jiran 'yan sandan gwamnati, su sai an binne mutum suke zuwa tambayar sunansa. Muna da 'yan sintirinmu, mazan da taron gari ke zaɓa, kowa da sandarsa da tsohuwar bindigar harbin zomo. Ɓarawon da suka kama, a ba shi abin da ya sata ya riƙe, a zaga da shi dandali da masu busa a bayansa, matarsa da surukansa na kallo. Abu ɗaya ne mai ciwo a dokar: wanda aka yi wa sata shi ke ciyar da masu nema.

Kwamandansu, Don Crisóforo, ya zo da mutum shida, ya cire hula.

"Doña Herlinda, kwantar da hankalinki. Mutanen ƙetaren kogi ne. Na san su kamar yunwar cikina."

"To tashi ka bi su."

"Sai an karya, Doña. Ba a bin ɓarawo da ciki wayam."

Kaza ta farko ke nan.

Kullum su ci da safe, su nufi ƙetaren kogi, la'asar su dawo da labari da sabuwar yunwa. Yau an ga sawu. Gobe ashe sawun jaki ne. Jibi wata tsohuwa ta yi mafarki. Ɗaya daga cikinsu, Chucho mai aski, har ya fara zaɓar wadda za a yanka.

"Waccan mai zanen, Doña. Dubi idonta, ta san wani abu."

"Kai ma ka san wani abu, Chucho. Hanyar murhuna."

Kwamanda dai ba a raina ƙwazonsa. Har ɗauri ya zo da shi a dantse, ya ce ƙaya ce ta yage shi wurin nema mini dabba. Duk da wannan hidima bai bar tasa gahawar ta lalace ba, tana shanye a tsakar gidansa kafin ta kowa, shi da nasa alfadarin ya mutu tun bazara. Akwai mutanen da Allah ya yi wa baiwa.

Da ya rage mini zakara da kaza ɗaya, na yafa mayafi da rana tsaka na tafi gidansa in gaya masa an rufe murhu. Mun ɗan jima muna magana.

Washegari aka wayi gari da Gwamna ɗaure a ƙofar gidana. Kwamanda ya sanar a dandali cewa ɓarayin ƙetaren kogi sun ji zafin sintiri, sun maido. Aka buga ƙararrawar coci. Chucho ya ce ya kamata a yanka zakaran don murna, na nuna masa taɓarya.

Sai dai Gwamna ya rame, bayansa duk gyambo, ko bargo ba zai ɗauka ba. Nan Don Crisóforo ya miƙe a gaban taro ya ce muddin yana numfashi, amfanin matar marigayi ba zai ruɓe a gona ba. Aka yi ta tafi.

Ya kuwa cika alkawari. Mutum ya ba sittin baya, ga tumbi, ya ɗaura igiyar dako a goshi, buhu a gadon baya, ya sauko dutsen nan yana nishi kamar tsohuwar babbar mota. Ya sauke, ya koma. Ni ina biye, ina jan Gwamna babu ko tsinke a kansa, don likitan dabbobi ya ce tafiya za ta yi masa kyau. 'Yan sintiri suka ce za su kama masa, na ce kada su rage masa lada. Fada, limamin cocinmu, ya yi wa'azi a kansa ranar Lahadi, mata suna share hawaye.

Ƙawata Petra ta ja ni gefe. "Comadre, aminiyata, anya ba sonki yake ba?"

"Da waɗannan gwiwoyin? Bar shi ya gama da dutse tukuna."

Ranar nan da na je gidan Kwamanda da rana tsaka, murya kawai na ɗaga na ce ina masu gida, Gwamna ya amsa mini daga bayan rumbu. Don Crisóforo ya yi tayin kaji tara, na ce albarka. Ya ɗora maraƙi, na tambaye shi wace waƙa yake so masu busa su bi shi da ita a dandali. Ya ce in faɗi nawa. Na ce duk buhun da Gwamna zai ɗauko mini bana, shi zai ɗauko a bayansa, kuma a haka na sallama.